Numfashin Motar Sulaimanu

A unguwar Yelwa ta Garwa, ƙarƙashin wata tsohuwar dalbejiya, akwai garejin da ba shi da ƙofa, ba shi da allon suna. Wajen Idrisa Mai Kunne ake ce masa. In aka kawo masa mota, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya sa ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya faɗi ciwon tun ba a kwance ƙusa ɗaya ba.

Idrisa ɗan mahauta ne. Ubansa da kakansa a mayanka suka tsufa, shi ma can aka kai shi yana saurayi, har ya iya hura akuya ta ƙafa don fata ta rabu da nama. Jini bai taɓa damunsa ba. Abin da ya kore shi sautin nan ne da ke fita daga maƙogwaro bayan an ja wuƙa, iska tana neman hanya ta rasa. Ya ce shi har a haƙoransa yake jin sa. Ya ajiye wuƙa ya ɗauki sifana. Sai dai halin mahauta bai sake shi ba: duk abin da iska ke bi ta cikinsa, tiyo ne ko bawul, da bakinsa yake gwadawa. Abokan sana'a suna masa tsiya wai leɓɓansa sun fi hannunsa shan baƙin mai.

Yayansa Sulaimanu dillalin shanu ne. Yana da wata tsohuwar motar shiga daji, kat-kat, mai shan fetur, fentinta ya koɗe, wadda ta san kowane rami tsakanin Garwa da Poli. Tun yana yaro yake da ciwon fuka. In ta taso masa, daga zaure ake jin siririn fito yana hawa yana sauka a ƙirjinsa. A daminar bara ta taso masa a hanyar dawowa daga Poli, ga rafi ya cika ya yanke hanya. Ya cika a kujerar baya, direbansa Hashim yana masa fifita da hula. Mutanen wani ƙauye suka yi masa sutura a can, tun ruwa bai janye ba. Hularsa da takalmansa kaɗai motar ta kawo gida.

Motar nan ce ta ci gaba da riƙe gidan. Hashim yana jigilar 'yan kasuwa da ita, matar marigayin, Adawiyya, da 'ya'yanta da tsohuwa Inna Habiba, mahaifiyar su Idrisa, suna ci daga abin da ta samo.

Da zafin bazara ya kankama, motar ta fara fito. In tana tsaye inji yana aiki, sai a ji siririn sauti daga ƙarƙashin murfin gaba, yana hawa yana sauka, injin kuma yana ja yana saki kamar ƙirji. Ranar da Hashim ya fara ji a tsakar gida, fita ya yi daga motar ya bar ƙofa buɗe. Adawiyya ta saki kwanon da ke hannunta. Inna Habiba kuwa ta fito daga ɗaki ta tsaya.

Sulaimanu ɗan farinta ne. Saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama kusa da shi a gaban mutane ba, ko ranar da labarin mutuwarsa ya zo ba wanda ya ga hawayenta. Amma a wannan yammacin ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna gefen tayar gaba, ta ce wa Hashim kada ya kashe. Daga ranar, kullum bayan la'asar sai an tayar mata da motar. Tana dai zaune, tafin hannunta a jikin ƙarfen, wani lokaci tana shafawa a hankali yadda ake shafa bayan yaro mai tari.

Idrisa ya gane ciwon tun daga ƙofar gida. A saman injin akwai wani ɗan bawul bai fi babban yatsa ba, kanikawan Garwa suna ce masa reniflar. Shi ne hancin inji. Tururin da ke taruwa a cikin inda mai yake, ta nan yake fita ya bi tiyo ya koma ya ƙone. In ya tsufa ya maƙale a buɗe, iska ta riƙa kurɗawa, sai fito. Aikin da bai kai a tafasa shayi ba. Ya sayo sabo a kasuwa, ya sa a aljihu ya zo.

Inna ta dubi aljihun, ta dubi fuskarsa.

"Auta, me ka kawo?"

"Ɗan ƙarfe ne, Inna. Motar ce ke son gyara."

"Ta ce maka tana so?"

"Inna, iska ce kawai take shiga inda bai kamata ba."

"Na san iska," ta ce. "Ni na goya shi. In ka taɓa motar nan ban yafe ba."

Ya koma da abinsa. Makonni bawul ɗin yana aljihunsa, in yana tafiya yana jin 'yar ƙararsa, kas-kas, kamar tsakuwa a gwangwani.

Sai sautin ya sauya. Fiton ya ɗauke, wani nishi mai kauri ya maye shi. Baƙin mai ya fara tsattsafowa ta gefen injin yana ɗiga a ƙasa. Sandar awon mai kuma ta riƙa ɗagowa da kanta. In aka kashe motar, sai ta yi shiru kaɗan, sannan ta sauke dogon numfashi.

Hashim ya zo gareji ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Patron, jam na?" Ya gaida maigidan da Fillanci.

"Jam, lafiya lau. Wa ya mutu kake wannan fuska?"

"Ni ne saura. Jiya a tashar Poli na kashe mota, ta yi ajiyar zuciya, wallahi wani Bafillace ya sauko ta taga da sandarsa. Ya ce gara ya bi sawun shanunsa."

"Ai ya fi ka hankali."

"Yi dariya. Kullum sai na ƙara mata mai, kullum tana zubarwa. In ta buga a daji, kai za ka ciyar da marayun?"

Idrisa bai yi dariya ba. Bawul da ya maƙale a buɗe ba ya sa inji zubar da mai haka. Wannan alamar toshewa ce: tururi ya rasa mafita yana tura mai ta kowace kafa. In aka bar ta, injin zai ƙone, gidan yayansa ya zauna ba abinci. In ya gyara, ga maganar uwa a kansa.

Ranar da Inna ta tafi suna a wata unguwa, Adawiyya ta aiko masa. Ya zo da tsakar rana, gari ya yi tsit saboda zafi, ko kaji sun shige ƙarƙashin motar. Ya ɗaga murfin gaba, ya sassauta maɗaurin tiyon, ya ja. Robar ta tsufa, ta fita ba gardama. Ya kai bakin tiyon bakinsa zai hura, sai ya tsaya. Ƙamshin kafur ne ya buge shi, irin na ɗakin da ake wankan gawa.

Ya zura waya ya jawo. Auduga ce, curi guda, ta yi baƙi da mai, an cusa ta da kyau har lanƙwasar tiyon. Ya riƙe ta a tafin hannunsa.

"Ni ce," in ji Adawiyya daga bayansa.

Da can ba ta ganinsa ba ta tsokane shi ba, tana ce masa mijin wahala, mai kawo cefanen baƙin mai. Yau mayafinta kawai take murzawa.

"Yaya Adawiyya, me ya kai ki?"

"Na sa Hashim ya nuna mini inda sautin yake fitowa. Ya ce hancinta ne." Ta matso kusa da shi. "Idi, a daji aka binne shi, cikin ruwa, cikin gaggawa. Wa ya san ko sun sami auduga? Wa ya san ko sun rufe masa hanci yadda ake yi wa kowa? Na ce ko abin da yake nema ke nan. Na yi bismillah na sa masa."

"Ya yi shiru?"

"Ai ka ji. Nishi ya koma yi."

Idrisa ya buɗe baki zai yi mata bayanin tururi da tiyo, ya ga ba inda bayanin zai zauna. Ya ajiye audugar a kan dutse, ba a ƙasa ba. Ya sa filaya ya murɗa tsohon bawul ɗin ya zaro shi daga zoben robarsa. Ya kaɗa shi kusa da kunne. Mai lafiya yakan yi kas-kas, wannan shiru. Bisa al'ada, ya kai shi baki ya hura.

Iska ta wuce. Ya janye leɓɓansa ke nan, sai ya ji ta dawo masa, ɗumi, a hankali, ta shige maƙogwaronsa da ƙamshin man zafin da Sulaimanu ke shafawa a ƙirji. Ya sarƙe, ya yi tari har ya dafa gwiwa. Ƙarfe ne da ya sha rana, ya gaya wa kansa, ga kafur a tiyo. Adawiyya ta miƙo masa ruwa.

Ya wanke tiyon da fetur ya shanya shi a kan taya. Ya cire zoben robar da ya ƙeƙashe, ya sa sabo, ya shafa masa ɗan mai, ya danna sabon bawul har ya zauna. Ya mayar da tiyo, ya matse maɗauri, ya goge man da ya zuba, ya cika abin da ya ragu. Da ya murɗa makulli, injin ya tashi sumul, muryarsa ɗaya, ba hawa ba sauka. Ya kashe. Suka jira ajiyar zuciyar. Ba ta zo ba.

Inna Habiba tana tsaye a bakin zaure da ƙunshin goron suna a hannu. Ba su san tun yaushe ba.

Idrisa ya durƙusa. "Inna, motar za ta mutu ne. Yaran nan..."

"Yi shiru."

Ta tako ta ɗora hannu a jikin motar, ta karkata kai tana saurare. Ta daɗe. Sannan ta juyo a hankali kamar mai bin sawun wani abu a tsakar gidan, ta zo ta tsaya a kansa. Ta sunkuya ta kifa tafin hannunta a ƙirjinsa.

A cikin shirun nan shi ma ya ji. Siririn fito ne, yana hawa yana sauka, yana bin numfashinsa. Idrisa Mai Kunne, wanda bai taɓa ko mura mai nauyi ba, ya riƙe numfashi, fiton ya tsaya. Ya saki, ya dawo.

"To," in ji Inna. Fuskarta ta saki. "Tashi, na yafe. Adawiyya, kawo masa kujera."

Motar tana nan tana bin hanyar Poli, fasinja sun dawo. A asibiti an ce hayaƙin gareji ne ya taru masa, aka ba shi abin shaƙa. Yana amfani da shi, yana kuma jin sauƙi. Bawul kuwa yanzu kaɗawa kawai yake yi, ba ya kai shi baki. In kana son gyara a wajensa ka je da safe, don ana idar da la'asar yake tattara sifanunsa. Yakan je ya zauna a tsakar gidan yayansa, tsohuwa a gefensa tana shafa bayansa. Ta daina ce masa Auta. Ba ta kiransa da kowane suna.