Duwatsun Tsumma

Asabar ce, jajibirin Ista. Na share tsakar gida, na jiƙa gero, na zauna ƙarasa ɗinkin duwatsun tsumma. Ƙauyenmu yana yamma da Dutsi. Duk shekara matasan cocinmu suna wasan masu bi na farko, yadda aka jefe wani mai wa'azi har ya mutu yana roƙa wa majefansa gafara. Bana ɗana Iliya ne mai wa'azin. Ni ke ɗinka duwatsun, ina danƙara musu auduga don kada su ji masa ciwo.

Da hantsi suka tafi gwaji a filin coci. Can na ji ihu: "Ku kama shi! Kada ya tsere!" Wallahi dariya na yi. Na ce wa maƙwabciyata Saratu ta kan katanga, "Kai, bana yaran nan sun iya." Tun farkon mako muke jin wannan ihun, kunne ya saba. Babu wanda ya ajiye aikinsa.

Sai ƙarar babura. Sai bindiga.

Na fito a guje. 'Yan bindiga sun cika filin, wasu na kora shanu, wasu na kora mutane. "Kowa ya kwanta!" Iliya yana tsaye cikin farin zanen da na ara masa, ya tura ƙananan yara bayansa. Nan suka harbe shi. Bai samu bakin yafe wa kowa ba.

A gindin tsamiya wani yana tsare musu baburan. Ko fuska bai rufe ba. Na san shi sarai, dillalin awaki ne, ya sha ruwan randata ba sau ɗaya ba.

Saratu ta fizge ni. Muka bi busasshen rafi, muka ratsa gonakin da ba a share ba, ƙaya na cin ƙafafunmu. Ana kiran azahar muka isa gidan Malam Haruna, wanda muke iyakar gona da shi. Matansa suka dama mana fura. Da la'asar ya tafi da amalanke, shi da 'ya'yansa, suka ɗauko mini gawar.

Bayan jana'iza Fasto ya tuna mini cewa a wasan akwai wanda ya tsare wa majefa rigunansu, daga baya Allah ya juyo shi ya zama babban mai bishara. Ya ce, "Mama, mai tsaron baburan ma bai fi ƙarfin alherin Allah ba." Na sani, ai ni na koya wa Iliya labarin. Amma ni ba na so ya tuba. So nake uwarsa ta tsaya inda na tsaya, ta gani da idonta. Duk ranar kasuwa ina layin awaki, ina duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Ashe duk gudun nan kwandon ɗinkin yana hannuna, ban sani ba. Duwatsun suna ciki har yau, ɗaya da allura a jikinsa. Jiya na mammatsa su. Laushi tiɓis, ko ɗaya ba zai ji masa ciwo ba.