Sati Takwas na Uwar Kicin

A masana'antar ɗinka buhuna, in ka ce wa ma'aikaci ya nuna maka ofishin manaja, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma ka tambaye shi ina Uwar Kicin, ko idonsa a rufe zai kai ka. Shekara goma sha tara ke nan tana dafa wa mutum ɗari uku abincin rana, a wani dogon ɗaki mai taga biyu, da murhun gas shida a jere, da fanka guda wadda ba ta tsinana komai sai kwaso zafi daga wannan kusurwa ta juye a waccan. Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon ƙuna. A tsawon shekarun nan ba wanda zai rantse ya taɓa ganin ta zaune da faranti a gabanta.

Abin ya samo asali tun daga gida. Ita ce ta fari, kuma tana da shekara goma sha uku mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ƙanne huɗu. Tun daga nan ta saba sai kowa ya ƙoshi, sannan ta kankare gindin tukunya a tsaye. Ta auri wani direban bas, mutum mai yawan dariya, suka haifi 'ya ɗaya. Yarinyar na aji uku a firamare mijin ya kwanta jinyar kwana tara, ya cika. Uwar Kicin ta yi kukanta, ta share hawaye, ta nemi aiki. Yarinyar kuwa tun tana ƙarama take jera takalman gidan tana koya musu karatu, tana zane wanda bai amsa ba, shi ya sa sunan Malama ya bi ta har kwalejin horon malamai.

Tana shekara ta biyu a kwalejin ƙafafunta suka fara kumbura. Aka ce gajiya ce, aka ce tsayuwa ce, har ranar da ta tashi idanunta sun kusa rufewa. Asibiti suka ce ƙodojinta duka biyu sun daina aiki. Daga nan rayuwarsu ta koma Talata da Juma'a. A waɗannan ranakun Malama kan kwanta awa huɗu, na'ura tana zuƙe jininta ta wanke ta mayar, uwar tana zaune a benci tana kallon jinin 'yarta yana yawo cikin roba. In an gama ta riƙo ta zuwa tashar mota, yarinyar tana tafe kamar tsumman da aka matse.

Likita ya ce mafita ita ce dashen ƙoda. Ƙannen nan huɗu da ta raina, ɗaya yana da ciwon suga, ɗaya jininsa bai dace ba, ɗaya mijinta ya ce atafau bai yarda ba, autan kuma wayarsa ta kamu da wata irin cuta da ba ta shiga sai in ba yayarsa ce ke kira ba. Uwar Kicin ba ta ko tsaya jin haushi ba, don an gwada nata jinin an ce ya dace. Ranar ta fito daga ɗakin gwaji tana dariya ita kaɗai kamar sabuwar kamu.

Murnar ba ta yi sati ba. Likitan, wani siririn mutum mai furfura a gemu, ya ɗaura mata abin awo a damtse, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun.

"Mama, tun yaushe kike da hawan jini?"

"Ni? Likita, ni ko zazzaɓi ban cika yi ba."

"Ɗari da saba'in da biyar a kan ɗari da biyar. Da wannan kike yawo a gari?"

Ya shiga tambaya, ita kuma tana amsawa tana mamakin yadda ya san sirrinta. Ciwon kai a ƙeya kullum da safe? E. Zuciya na bugawa ba gudu ba tsoro? E. Barci? Awa uku in an yi sa'a. Al'ada? Ta sunkuyar da kai ta ce ta rikice tun bara, wani watan shiru, wani watan kamar an yanka ta. Gashinta ma yana bin mataji, ɗankwali ne ke rufa mata asiri. Duk wannan ba ta taɓa lissafa shi a ciwo ba, ita a wurinta mai ciwo shi ne wanda ya kasa tashi.

"Ba zan cire ƙoda a jikin da jini ke tafasa haka ba," in ji shi. "Ga magani, ki rage gishiri. Ki je ki ga mai ba da shawara kan abinci. Na ba ki sati takwas, in ya sauka mu ci gaba da sauran gwaje-gwaje. Kuma ki rage damuwa."

Ki rage damuwa! Ba abin da ya kai wannan magana sauƙin faɗa. 'Yarta tilo tana ramewa a gabanta, sannan a ce damuwar da take yi a kanta ita ce ta tare ƙofar ceton ta. Ta fito daga ofishin, ta jingina da bango, ta ji ta tsani jikinta kamar wani maƙiyi da ta goya shekara arba'in da huɗu.

Mai ba da shawarar wata matashiya ce mai gilashi, da farantin roba a kan teburinta an raba shi gida uku. Ta ce, "Mama, jiya me kika ci?"

"'Yar nan, ni ai ba na cin abinci. Shi ya sa maganar gishirin nan ta ɗaure mini kai. Shayi ne da safe, da ɗan burodi. Shi ke nan."

"Suga fa?"

"Cokali uku. In kaina ya matsa, huɗu."

"Aikin me kike yi?"

Da ta ji aikin, sai ta ajiye biro. "Tukunya nawa?"

"Shida."

"Kowacce sau nawa kike ɗanɗanawa?"

Uwar Kicin ta ƙirga da yatsu. In an zuba gishiri, ta ɗanɗana. In an jefa dunƙulen ɗanɗano, ta ɗanɗana. In ya tafasa, in ya kama jikinsa, in za a sauke. Sau biyar, kuma ba lasa take yi ba, rabin ludayi take kurɓa.

"To Mama, kullum kina shan rabin ludayi talatin na miya mai gishiri a kan cikin da ba komai, shekara goma sha tara. Kin ci gishirin kowa, ba ki ci abincin kowa ba."

Ta jawo farantin ta nuna mata. Rabi ganye da kayan lambu, alayyafo, kabeji, karas, duk wanda ya samu. Kashi ɗaya wake ko kifi ko ƙwai. Kashi ɗaya shinkafa ko dankali. Ayaba ko lemo a tsakani, gyaɗa marar gishiri in yunwa ta taso, ruwa a madadin shayi na uku da na huɗu. Sau uku a rana, kuma a zaune. Ta ce abinci ba zai ɗauke mata damuwa ba, amma jikin da ke cikin tashin hankali kuma ba a ba shi abinci, duka biyu ake yi masa.

Uwar Kicin ta ce to. Amma a hanya ta yi nata lissafin, irin na wanda hankalinsa ya tashi. In rage gishiri zai sauke jini a sati takwas, ai barin abinci gaba ɗaya zai sauke shi a sati biyu. Ta daina ɗanɗano, ta daina burodin, ta koma ruwan zafi. Ta ari abin awo a wurin nas ɗin masana'anta, ta ɓoye a ɗakin ajiya bayan buhunan shinkafa. Duk bayan rabin awa sai ta faki ido ta shige ta ɗaura. Tun kafin abin ya gama matse hannun gabanta ke faɗuwa, lambar ta fito sama, ta sake ɗaurawa, ta fito sama da ta farko. Ranar ta shida tana juya tukunya ta huɗu ɗakin ya juya da ita. Allah ya sa baya ta faɗi, ba gaba ba.

Wadda ta yayyafa mata ruwa ita ce Gwaggo mai wanke-wanke, tsohuwar da ta riga kowa zuwa kicin ɗin, bakinta kuma ba ya da linzami.

"Ke, wace irin sakarya ce? Ƙodar gawa za ki ba ta? Tashi ki zauna, don Allah!"

"Gwaggo, sati bakwai ya rage mini."

"Ko kwana bakwai ne. Miƙo abin awon nan."

Gwaggo ta ƙwace shi ta kulle a akwatinta, ba ta fito da shi sai da safe da kuma lokacin tashi. Ta karɓi ludayin ɗanɗano, duk da harshenta ya daɗe da yin ritaya. Sati guda ma'aikata suna cin abinci yau lami, gobe kamar an dafa da ruwan teku. Wani mai gyaran inji ya leƙo ta taga ya ce, "Uwar Kicin, laifin me muka yi?" Gwaggo ta ce masa in bai bar wurin ba za ta ɗanɗana kunnensa. Kullum ƙarfe goma sha ɗaya takan kifa bokiti a bakin ƙofar baya, ta danna Uwar Kicin a kai, ta ɗora mata faranti a cinya, ta tsaya a kanta kamar ɗan sanda har sai ta cinye.

Cin ya yi mata wuya fiye da aikin. Wake da ganye ba gishiri, tana taunawa hawaye na ɗiga a ciki, don duk loma sai ta tuna Malama da aka ƙayyade wa hatta ruwan sha. Amma ta ci. A gida ma suka riƙa zama tare a tabarma, kowa da nata farantin da nata dokokin, yarinyar tana tsokanar ta: "Umma, ashe kin iya zama? Na zaci gwiwarki ba ta lanƙwasuwa."

Kuma abin ya yi aiki, wannan gaskiya ce. A sati na huɗu ciwon ƙeyar ya tafi. A na biyar ta yi barcin awa shida, ta farka a firgice tana zaton wani abu ya faru. Zuciyar ta daina yi mata tsalle a ƙirji. Lambar ta riƙa sauka a hankali, da magani da farantin Gwaggo, har ranar da likita ya duba ya ce ɗari da talatin a kan tamanin, ya ɗago ya yi mata murmushi. Aka ɗebi jininta da fitsarinta, aka yi mata hoton ciki, aka ce ta dawo Juma'a. Malama ta ciro littattafan kwalejinta daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe ƙura.

Ranar Juma'a ta raka yarinyar ɗakin wankin ƙoda, ta jira aka haɗa ta da na'ura, sannan ta hau bene. Likitan bai yi murmushi ba. Ya ce ta zauna, ya juya takardun da ke gabansa sau biyu.

"Mama, kin yi ƙoƙarin da ban cika gani ba. Jininki ya sauka. Amma ya daɗe a sama, shekaru ba watanni ba, kuma ya riga ya taɓa ƙodojinki. Suna aiki, in kika riƙe maganin nan da abincin nan za su iya kai ki tsufa. Sai dai su biyun kike buƙata. Ba zan iya ɗaukar ɗaya ba."

"Ka ƙara mini sati takwas."

"Ba maganar sati ba ce."

"Wata shida. Shekara. Likita, ko ruwa ka ce in bari zan bari." Ta zame daga kujera ta durƙusa. "Ka cire, in ya so duk abin da zai same ni ya same ni. Zan sa hannu. Na yafe."

"Tashi, Mama, don Allah. In na cire, nan da 'yan shekaru gado biyu zan shimfiɗa a ɗakin can, kuma ba mai riƙo wani zuwa mota. Za mu sa sunan 'yarki a jerin masu jiran ƙoda. A ci gaba da neman wani a dangi."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin wankin ta goge fuska da gefen mayafi, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta shiga. Malama na kwance a gado na uku, hannu ɗaya a miƙe da robobi, ɗayan riƙe da littafi. Tana ganin uwar ta ajiye shi.

"Umma, nawa ya nuna?"

"Ɗari da ashirin da takwas."

"Kai! Umma, kin fi ƙarfinsu! To yaushe za a yi?"

Uwar Kicin ta buɗe baki. Ta yi niyyar cewa sai an ƙara wani gwaji, ƙaryar ma ta gama shirya ta tun a kan bene. Amma yarinyar tana kallon ta ido cikin ido, sai ta fasa.

"Ba za a yi ba. Ƙodojina ma sun taɓu. Na lalata su tun ban san za ki buƙata ba. Ki yafe mini."

Malama ta juya fuska wajen na'urar, ta daɗe tana kallon ta, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Nas ta zo ta duba allon, ta ce saura awa biyu da minti goma, ta wuce gado na gaba.

Can yarinyar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Umma, ƙafata sanyi take ji."

Uwar Kicin ta zauna a bakin gadon, ta ɗora ƙafafun nan masu kumburi a cinyarta, ta rufe su da mayafinta, ta shiga murzawa.