Ruwa Kaɗai Ke Tsayar Da Kurket

Wata Asabar ce a tsakiyar bazara, shekarar da muka shiga aji biyu na sakandare, ni da ɗan'uwana Hassan muna tsaye a wani fili bayan Ƙofar Ɗan Agundi, kowa da sandar kurket a hannu. Rana ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ko akuya ba ta yarda ta bar gindin katanga ba. Mu kuwa an ɗaure mana ƙwauri da kariya mai kauri, ga safar hannu, ga 'yan wata makaranta da suka zo takanas don su kara da mu.

Tagwaye ne mu, ni ne Hussaini. Malam Bala, malamin wasanni, shi ya kawo kurket makarantarmu, kuma a unguwarmu Mandawari ba irin tsokanar da ba mu sha ba, wai mun koma 'yan bugun shadda. Hassan ko a jikinsa. Da mun gama ɗebo ruwa da sharar soro, sai ya kafa kara uku a lungu, ya ɗauko guntun katakon da kafinta ya sassaƙa masa, ni ina jefa masa ƙwallo har a kira magariba. Malam Bala yana da doka guda: ko yayyafi aka fara, a take za a naɗe tabarmar da ake jifa a kanta don kada ta jiƙe. "Ruwa kaɗai ke tsayar da kurket," haka aka koya masa, haka ya koya mana.

Ran nan Hassan ya daɗe yana bugu, muna ta gudu tsakanin sandunan da aka kafa a farko da ƙarshen tabarma. Can na ga gumi ya ɗauke masa, leɓensa ya bushe. Malamin baƙin ya ce a dakata sai la'asar. Malam Bala ya ɗaga kai, bai ga hadari ba, bai tsayar da wasan ba. Hassan ne ma ya ce, "Malam, saura ƙiris mu cinye." Ya sake bugawa, muka zuba da gudu, na kai, shi kuwa ya zube a tsakiyar tabarma. Asibiti aka wuce da shi, bai sake kwana a gida ba.

Malam Bala ya zo ta'aziyya, ya durƙusa a soro, yana ta kuka. Inna ba ta taɓa zaginsa ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Wasan da ke tsoron ruwa amma ba ya tsoron rana, ba don 'ya'yan Kano aka yi shi ba."

Yanzu ina ganin yara suna kurket a talabijin, in zafi ya tsananta sai a tsaya a ba su ruwa, masu kallo kuma su yi ta ƙorafin an ɓata musu wasa. Ni dai ba na ƙorafi, kewa ce ke kama ni. A makon da aka binne Hassan aka yi ruwan farko, na tsaya a tsakar gida har na jiƙe sharkaf. Ruwan ya zo, amma an riga an tashi wasa.