Malam Chindo da Sifilin Garinmu

Ranar Talata, 12 ga Maris 1991, aka aiko mini daga Gidan Rumji cewa Malam Chindo, mai kula da alƙaluman ruwan sama na yankinmu, ya riga mu gidan gaskiya. Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma.

Malam, tun shekarar da muka samu 'yancin kai kake tattara awon ruwan ƙauyuka. Da aka kawo inji mai ƙwaƙwalwa buronku, wato ofishinku, furfura ta riga ta fito maka, amma ka zauna ka koyi rubuta masa umarni. Ka koya masa ya tsamo duk adadin da ya yi nisa da na maƙwabtansa. Wasu sun so injin ya riƙa goge irin wannan adadin, ya sa matsakaici a gurbinsa. Ka ƙi. Ka ce aikinsa ya nuna, gogewa kuwa sai an je an gani.

Har yau ana dariyar Jaye, mai tsaron ma'aunin ruwan sama a wajen Gidan Sori. Awonsa ya nuna ruwan da zai ci gari. Da ka je, ashe tsoron kada awaki su ture kayan gwamnati ne ya sa ya kai ma'aunin ƙarƙashin indararo. Ba ka kunyata shi ba, da hannunka ka kafa masa shinge.

Namu kuwa ba abin dariya ba ne. Wata damina ƙauyukan Cadakori duka suka samu ruwa, ɗan ƙauyenmu kaɗai ya aika sifili har mako uku. Injin ya nuna shi. Kowa ya ɗauka mai awo ne ya yi sakaci, kuma da an daidaita adadin da ba mu shiga cikin masu samun taimakon hatsi ba. Ka hau amalanke ka zo. Ina nan tsaye ka durƙusa a gonar babana, ka murza busasshen gero a tafinka, ka ce, "Wannan sifilin gaskiya ne."

Lokacin uwata Habi ta riga ta ɗaure kayanmu za mu bar gari. Hatsi ya iso, ta kwance su. A ɗakin nan ta tsufa, a garin nan muka binne ta. Wallahi, Malam, na yi kukanka kamar na uba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Mairama uwargidan Malam, da ɗansa Ɗanbaba da ƙannensa, Allah Ya ba ku haƙuri. Mutanen garinmu duka suna yi muku gaisuwa.