Tseren Babur a Kan Tsohuwar Hanyar Garinmu

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da tseren da ɗan baffana ya cinye ni a bakin ruwan Tiga.

Garinmu na asali ruwan dam ne ya haɗiye shi, aka tashe mu zuwa tudu. Amma da bazara in ruwa ya ja baya, tsohuwar hanyar garin takan fito, a nan mu samari muke tseren babur. Al'adarmu kuwa, wanda ya ci shi ke jan gaban ayarin amaryar da za a fara kaiwa. A shekarar, ƙanwata ce amaryar, kuma ni ne gwanin da ba a taɓa kayarwa ba.

Sai ga ɗan baffan nan ya zo biki daga Kano da sabon babur. Da iyayina na goya shi, na zaga da shi ko'ina. Nan kasuwa take a da, nan marina, a kwanar kuka ka kwanta hagu, nan kuma tsohuwar maƙabarta ce. Kowane ɗan garin ya san ana sassautawa a wurin a yi wa mamata sallama, don haka ban ga dalilin faɗa masa ba.

Ranar tsere ina gaba har maƙabarta. Na saki mai, ina cikin sallama ya wuce ni fuu, ko waiwaye babu. Kafin in ƙaraso an ɗaga shi sama, 'yan matan da suka saba yi mini guɗa shi suke yi wa. Wallahi hassada ta cika ni har wuya. Hularsa ma haushi take ba ni.

Ya zo yana haki ya ce, "Yaya, ai ba ka ce a tsaya ba."

Na wuce wajen mahaifina yana gyaran komarsa ta kamun kifi, na ce ya sa a soke tseren, yaron nan ya wulaƙanta kakanninmu.

Bai ɗago ba ya ce, "Don mamatan ka sassauta, ko don a ba ka gaban ayari?"

Na ce, "Don su ne mana, Baba."

Ya ce, "To ai ka karɓi naka. Bar masa nasa."

Ranar kai amarya shi ya ja gaba, ni ina can baya da buhun gara a bayan babur, ina shaƙar hayaƙinsa har Bebeji. Ban yi masa magana ba sai da damina ta faɗi.

Tun daga nan, duk ranar da na ji ina kumfar baki wai don kare mutuncin wasu, sai in tsaya in tambayi kaina ko dai wani ne ya wuce ni.