Rigar da Aka Ba Jimrau

Ku rabu da masu cewa Jimrau sayar da kaye ya yi a Dakoro. Yawancinsu ba su je wurin ba, waɗanda suka je ɗin ma ƙeyar mutane suka sha kallo. Ga yadda abin ya faru.

Jimrau mutumin Korahane ne, manomin gero kamar ubansa, ɗan kokowa kuma tun gemu bai tsiro masa ba. Gajere ne mai faɗi, ga wuya kamar turmi. Shekara da shekaru, in an gama kaka an ɗaure dammuna, shi ne gaban samarin Korahane duk garin da za su. Shi ke cewa wane ya fita fage, wane ya zauna, in kuma abu ya cije ya miƙe da kansa. Makaɗinsa Samba yana da taken da ba ya kaɗa wa kowa sai shi, mata ma sun san shi, har daka suke yi da shi. Tun kafin Nasara su kafa bariki a Dakoro ba a taɓa ganin bayan Jimrau a ƙasa ba.

To, amma jiki ba ya rantsuwa. Furfura ta fara leƙowa, gwiwar hagu ta soma yi masa tsegumi in an yi sanyi. Shekarar da kwamandan barikin ya sa aka yi shela cewa za a yi babbar kokowa ranar kasuwar Dakoro, gari da gari, sai ga sarkin samarin Korahane ya yi sallama a ƙofar Jimrau da ƙunshi a hammata. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiyar kaka, sannan ya kwance ƙunshin. Riga ce, fara sol, har da aiki a wuya.

Wanda bai san kokowa ba sai ya ce an yi masa alheri. Ina! Ɗan kokowa tsirara yake shiga fage, daga shi sai warki, fatar nan da ake ɗaurawa a gindi. In mutanen garinka suka kawo maka riga, sun ce maka ke nan rufe ƙirji, ka gama.

"Samari ne suka ce a kawo maka, Baba," in ji sarkin samari, idonsa na kan tabarma. "Bana Ɗangoggo za shi gaba."

Ɗangoggo kuwa yaron Jimrau ne. Shi ya ɗauko shi daga kiwon awaki, ya koya masa kamu da taɗiya, shi kuma ya ɗaura masa warkinsa na farko da hannunsa. Jimrau ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Da baƙon ya fita ya dunƙule rigar ya cusa ta a buhu. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ko Samba bai leƙo ba, kuma da yamma ya jiyo kalangu a dandali ana kaɗa wani sabon take.

Ba a yi kasuwa biyu ba sai ga Ma'u, sarkin samarin garin Ɗan Gulbi, a kan raƙumi, da goro cikin ganye. Mutum ne mai yawan dariya, irin wanda haƙoransa ke riga gaisuwarsa isowa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Jimrau, mun ji abin da aka yi maka, wallahi ba mu ji daɗi ba. Wa ke yar da tsohuwar zuma? Ka zo ka shige mana gaba a Dakoro. Ai Ɗan Gulbi gida ne, ga yayarka Uwale can tana aure."

Jimrau ya dube shi ya daɗe. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutanen Ɗan Gulbi ɗin nan da ya yi shekaru yana shimfiɗe musu 'ya'ya a ƙasa, yau su ne masu tausayinsa? Amma zuciya tana son abin da take so. An ce masa ya gama, ga wani ya taso takanas ya ce bai gama ba. Ya ɗaura wa jaki buhu, ya bi bayan raƙumin.

A Ɗan Gulbi aka sauke shi ɗakin soro a gidan mijin Uwale. Abinci kam sai wanda ya gani: fura da nono da safe, tuwo da man shanu, wani lokaci har zabo. Sai dai mutanen gari ba su yarda da shi ba. In ya bi ta dandali tsofaffi su yi shiru, in ya wuce wani ya je ya tona inda ya tsaya da sanda, wai ko Korahane ce ta turo shi ya binne musu asiri. Wannan bai dame shi ba, da shi ne ma haka zai yi.

Abin da ya dame shi daban ne. Da farko ya ɗauka layunsa ake so, sai ya riƙa kwana da su a ɗaure a damtse. Ba wanda ya ko kalle su. Sai ya ce to, sirrin samarin Korahane za a tambaye shi, wa ke tsoron taɗiya, wa ke saurin gajiya, ya shirya ƙaryar da zai yi musu. Ba wanda ya tambaya. Da la'asar in samari suka fito gwaji ya tuɓe zai shiga, sai Ma'u ya taso da dariyar nan tasa.

"Haba Baba, kai da gwaji? Zauna ka huta, ranarka na zuwa."

Jimrau ya kira wani ƙato ya ce zo mu taɓa, ƙaton ya sosa ƙeya ya ce cikinsa ke ciwo. Ya ce a gyara tsayuwar wancan, ƙafarsa ta yi gaba da yawa, aka ce to Baba, ba a gyara ba. Ikon Allah! An ɗauko mutum don ya yi kokowa, ba a son ganin kokowarsa, ba a son jin bakinsa, sai dai a cika masa ciki kamar ragon layya. Da walakin, goro a miya.

Wata safiya ya sami Uwale tana tankaɗe a tsakar gida. Ita ce ta goye shi yana jariri, don haka ba ta tauna masa magana.

"Yaya, mi mutanen ga ke so da ni?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. "Sai yau ka tambaya? Ni na ɗauka tuwon ya toshe maka kai. Wa Korahane za ta fitar a gaba?"

"Ɗangoggo."

"Wa ya ɗaura wa Ɗangoggo warki?"

Nan take Jimrau ya gane. Duk wanda ya taɓa shiga fage a ƙasar nan ya san ka'idar: ba ka kayar da wanda ya ɗaura maka warki. In tsautsayi ya haɗa ku, sai ka dafa ƙasa da gwiwa tun kafin a kama, ka ba shi kayen, ka fita. Wanda ya ƙi, an ce ba ya ƙara ganin daidai.

"Ba su da mai iya Ɗangoggo, kaf garin nan," in ji Uwale. "Matar Ma'u da bakinta ta faɗa a bakin rijiya. Kai za su tura masa, ya durƙusa, Ɗan Gulbi ta ɗauki rana gaban kwamandan. Ko gurgu ne kai, Jimrau, za su ba ka furar nan. Ba ƙarfinka suka ɗauko ba."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Rigar Korahane ta yi zafi, amma ita a fili aka kawo ta. Ya koma soro ya zauna. Zai iya kama jakinsa ya koma gida, sai dai in ya koma, har ya mutu ba zai san ko sarkin samarin Korahane ya yi gaskiya ba. Bai ce wa Ma'u komai ba. Ya ci tuwonsa, ya mayar masa da dariya, kullum da hantsi kuma ya fita bayan gari shi kaɗai yana ɗaga kututturen gawo yana ajiyewa.

Ranar kasuwar, Dakoro ta cika ta batse. Buzaye a kan raƙuma, Fulani da sanduna, gardawa, dogaran bariki, suna korar mutane baya da bulala. Aka kafa wa kwamandan rumfa da kujera. Ƙanana suka fara, aka yi ta kaye ana ihu, har rana ta karkata. Sannan Samba ya saki sabon taken nan, Ɗangoggo ya fito yana kirari, dogo, baƙi, jiki na sheƙi. Ya zagaya fage ya tsaya gaban mutanen Ɗan Gulbi ya miƙa hannu, wanda ya isa ya fito.

Ma'u ya taɓa kafaɗar Jimrau. "Bismilla, Baba."

Da Jimrau ya miƙe, kalangun Samba ya sarƙe. Mutanen Korahane suka hau salati, wasu na zagi, don nan take suka gane abin da aka ƙulla musu. Ɗangoggo ya tsaya sororo, kirarin ya maƙale masa. Ya sunkuyar da kai, ya fara lanƙwasa ƙafa zai kai gwiwa ƙasa.

Bai kai ba. Jimrau ya yi tsalle ɗaya ya cafke shi a hammata ya ɗago shi tsaye.

"Maigida, sake ni in durƙusa," in ji Ɗangoggo a hankali. "Kada ka ja mini."

"Ni na ɗaura warkin ga, ni ke da hakkinsa, na kuwa yafe. Ga jama'a shaida." Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Na yafe!" Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnen yaron. "Amma in ka sassauta mini ko kaɗan, wannan ne ba zan yafe ba, duniya da lahira. Kama ni."

Ma'u yana ta ihu daga gefe, dariya ta ƙare: "Baba, ba haka muka yi ba!" Wa ya saurare shi? Da ma ai ba su yi wani alkawari ba.

Aka kama. Jama'a, an yi kokowa ranar nan! Ɗangoggo ya kawo sunguma, Jimrau ya zauna masa da nauyi kamar an dasa shi. Jimrau ya sa taɗiyar da ya kayar da mazaje da ita, yaron ya tsallake, don shi ya koya masa tsallakewar. Suka yi gaba, suka yi baya, suka ture masu kallo, ƙura ta tashi har kwamandan ya miƙe tsaye yana kare ido da hula. Can gwiwar hagun nan ta ci amanarsa. Ɗangoggo ya ji ta saki, bai kuwa yi wata-wata ba, ya ɗaga maigidansa sama ya shimfiɗa shi da baya.

Fage ya ɗauki ihu. Jimrau yana kwance yana kallon sama, abin da bai taɓa gani daga nan ba. Mutanen Ɗan Gulbi suna cewa da ma mun faɗa, turo shi aka yi. Na Korahane suna cewa alhakinmu ne ya kama shi. Shi duk ba wannan ke cin sa ba. Tambaya ɗaya ce a ransa: tsawon nan da aka yi ana fafatawa, shi ne ya riƙe yaron, ko yaron ne ya yi ta jan lokaci don kada ya kunyata tsoho? Ya san Ɗangoggo da kunya, zai iya.

Aka janye shi gefe ya zauna. Sai ga Ɗangoggo ya ratso mutane da ƙwaryar ruwa, ya durƙusa gabansa, yanzu kam gwiwa biyu.

"Sha, Maigida."

Jimrau bai karɓa ba, ya tsura wa ƙwaryar ido. Rawa take yi. Hannuwan Ɗangoggo karkarwa suke tun daga kafaɗa, ruwan yana fallatsa yana zuba a kan cinyarsa, yana ta ƙoƙarin tsayar da su sun ƙi tsayawa. Numfashinsa ma bai dawo ba. Mutum yana iya yin ƙaryar haki, amma Jimrau ya shekara talatin a fage, ya san wannan rawar ba a yin ta da gangan.

Ya karɓi ƙwaryar da sauran ruwan da ya rage, ya shanye. Can bayan mutane wani kalangu ya soma tsohon take a hankali, bai waiwaya ba.

Uwale tana nan kusa da tallan daddawarta, buhunsa na gefenta. Ya yafuto ta.

"Yaya, duba cikin buhun nan, akwai wata riga. Miƙo mini in sa."