Watan da Na Biya Kuɗin Famfo Sau Biyu

A unguwarmu ta Wurno ruwan famfo ba na gwamnati ba ne. Wani ɗan unguwa da Allah ya buɗa wa ne ya haƙa burtsatse a gefen masallaci, ya ɗora tanki a sama, ya sa sola, ya bar wa mutane sauran. Gidajen da suka iya suka haɗa kuɗi aka ja musu bututu, har da gidan mahaifiyata. Duk wata kowane gida yana ba da abin da aka yanka, saboda gyaran inji da ɗan abin da ake ba mai gadi. Babu mita. Gidan da tsohuwa take zaune ita kaɗai da gidan da yake cike da 'ya'ya da jikoki abu ɗaya suke biya, kuma har zuwa shekarar da zan ba da labarinta ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi a kan haka ba.

Mai karɓar kuɗin wani dattijo ne tela, abokin marigayi mahaifina, shagonsa yana kallon tankin. Baba tela muke ce masa. Ni kuwa a Rabah nake aiki, a sashen noma na ƙaramar hukuma, iyalina ma suna can. Ina zuwa Wurno ƙarshen mako idan hanya tana da lafiya. Tun rasuwar mahaifina ni nake biyan kuɗin famfon Inna. Nakan tsaya shagon Baba tela mu gaisa, in miƙa masa, ya jefa a aljihun keken ɗinkinsa, in wuce gida.

A daminar da ɓarayin daji suka matsa wa rugagen wajen Kwargaba, na zo wata Juma'a na tarar da awaki a ɗaure a bayan ɗakin girki, da shanyar zannuwa a kan katanga waɗanda ba na Inna ba. A tsakar gida akwai ƙorai a kife da ƙananan yara suna kallona. Inna ta leƙo ta ce in shigo in gaida Goggo.

Goggo Bafillatana ce da take kawo wa gidanmu nono tun ina yawo ba wando. Ba mu haɗa dangi ba, amma ita da Inna sun daɗe da wuce ciniki. Idan ta shigo gari a gidanmu take sauke ƙwaryarta ta yi sallar azahar, ranar sunan ƙannena ma ita take kawo man shanu. An kore musu yawancin shanun. Mazan gidan suka kora abin da ya rage zuwa wajen Goronyo don neman inda za su kafa, ita kuma ta taho da surukanta mata da jikoki. Inna ta buɗe musu ɗakunan da ni da ƙannena muka tashi a ciki.

Na gaishe ta na yi mata jaje. Ta ce, "Mun gode Allah, da rai munka hito."

Na kwana biyu a gidan ina ganin yadda ake amfani da ruwa. Famfon yana zuwa ne da hantsi idan rana ta cika tanki, sai kuma bayan la'asar. Da can Inna takan cika randa biyu da buta ta rufe. Yanzu daga zuwansa har ɗaukewarsa a buɗe yake: wanki, wankan yara, ruwan awaki, ruwan girki. Ba ɓarna ake yi ba, mutane ne suka yi yawa. Ni kuma aikina ya saba mini da cewa idan amfani ya ƙaru kuɗi ma ƙaruwa yake. Na san kuma gidajen ƙarshen layi dama da ƙyar ruwan yake isa gare su. Sai na ga ya dace in ƙara wani abu a kan na watan nan, sau ɗaya, kafin wani ya buɗe baki.

Ranar Lahadi da zan koma na tsaya shagon Baba tela. Yana ɗinkin wuyan wata riga. Na ba shi kuɗin wata kamar kullum, sannan na ƙara ajiye wani daidai da shi a kan teburin keken.

Ya tsayar da ƙafarsa ya duba. "Wanga hwa na mi na?"

Na ce, "Ƙari na, Baba. Mun yi baƙi, ruwan da gidan ka sha ya hi na da."

"Wa yac ce ka kawo?"

"Ba kowa. Ni nig ga ya kamata."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Ɗana, mu gida muka ƙidaya, ba mu ƙidayar kawuna. Ban da wurin da zan aje wanga. Ɗauki abinka."

Na ce masa ba wata-wata zan riƙa yi ba, wannan ɗaya ne kawai, a sa cikin kuɗin gyara. Ya sake cewa in ɗauka. A lokacin direban motar Rabah yana ta danna ham a bakin titi. Na ce masa sai na dawo, na fita na bar kuɗin a wurin. Akwai mutum biyu zaune a bencin shagon suna jiran ɗinki, ban ma kula da su sosai ba.

Mako biyu ban samu zuwa ba, saboda rabon takin zamani ya riƙe mu a ofis. Da na zo, tun daga zaure na ji gidan shiru. Lokacin zuwan ruwa ne, amma famfon a rufe yake, an naɗe kansa da tsumma an ɗaure. Kusa da shi akwai jarkoki da ruwa mai ɗan ja a ciki, irin na rijiyar bakin fadama. Surukan Goggo sun tafi ɗebowa, sai ita da ƙananan yara.

Inna tana ɗakinta tana tsintar shinkafa a faifai. Mun gama gaisuwa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ashe ka sa ma baƙina kuɗɗi."

Na ce ban gane ba. Ta ba ni labari a hankali, tana ci gaba da tsintarta. Ɗaya daga cikin mutanen da suke zaune a shagon ranar maƙwabcinmu ne na ƙarshen layi, mai sayar da albasa. Ya je gida ya ce ga shi masu gidan da kansu sun yarda su ne suke shanye ruwan, tunda har sun biya ninki. Daga nan ya fara cewa a bakin masallaci duk gidan da ya sauki baƙi ya riƙa biyan na gida biyu. Ba gidanmu kaɗai ya sauki mutane ba a shekarar, gidaje da dama a unguwar suna da 'yan gudun hijira, wasu danginsu, wasu ba dangi ba. Magana ta shiga gidaje, ta bi mata har ta iso kunnen surukan Goggo a wurin niƙa.

Washegari Goggo ta tashi surukanta da jarkoki suka nufi rijiyar fadama. Ta ce ba za su ƙara taɓa famfon ba. Inna ta yi magana, ta ce mata ita ba ta san da zancen wani kuɗi ba, Goggo ta ce ta yarda, amma ba ta son a riƙa ambaton gidan ƙawarta a bakin masallaci saboda ita. Sai Inna ta ɗauko tsumma ta ɗaure kan famfon, ta ce to ita ma ta bar shan ruwansa, abin da baƙinta suka sha shi za ta sha.

"Kwana nawa ke nan?" na tambaya.

"Ban ƙidaya ba," in ji ta. "Ni ban iya ƙidaya irin taku."

Na yi mata bayanin abin da ya sa na biya. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ban ce ka yi don mugunta ba. Amma mutanen ga gidana sunka sauka, ba gidanka ba. Da ka tambaye ni." Ta hure ƙaiƙayi daga faifan. "Tahi ka gaishe ta."

Na tarar da Goggo a inuwar darbejiya tana gyaran faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata abin da na yi ni kaɗai na yi shi, babu wanda ya nemi kuɗi a kansu. Ta ce, "Na sani, ɗana. Allah shi yi ma albarka." Na ce to su bar zuwa rijiya. Ta ce ai rijiyar ba nisa, a ruga sun saba da abin da ya fi haka. Ta ci gaba da saƙarta. Na zauna kaɗan na tashi.

Bayan la'asar aka yi zama a ƙofar masallaci, wanda dama an sa ranar tun kafin in zo. Liman yana nan, da Baba tela, da masu gidajen da suke da famfo. Mai albasa ya yi magana ba da faɗa ba. Ya ce matarsa takan buɗe famfo ta zauna har ruwan ya ɗauke ba ta cika bokiti biyu ba, kuma kuɗi ɗaya yake biya da kowa. Gaskiya ya faɗa, kowa ya san haka. Wani ya ce masa tun kafin baƙi su zo haka ruwansa yake. Ya ce to yanzu ya ƙara lalacewa. Wannan ma gaskiya ne.

Aka nemi in yi magana, na ce ni sau ɗaya na yi niyya, ban kawo don a mayar da shi doka ba. Wani dattijo da ya sauki iyalin ƙanensa ya ce idan aka ce ninki shi sai dai a cire masa bututu. Liman ya bar kowa ya faɗi tasa, sannan ya ce a bar kuɗi yadda yake. Gidajen farkon layi su riƙa rufe famfonsu a ruwan la'asar, su bar shi ya isa ƙarshe, su su wadatu da na hantsi. Mai albasa bai ce ya gamsu ba, bai kuma ce bai yarda ba. Aka shafa fatiha.

Baba tela ya riƙe ni a hanya ya ce in zo in karɓi kuɗina, suna nan a aljihun keke bai taɓa ba. Na ce na riga na fitar, ba na son su dawo aljihuna. Ya ce shi ma ba ya son su zauna a nasa. Muka rabu a haka.

Abin da ya buɗe famfon gidanmu ba zaman masallaci ba ne. Ruwan rijiyar ne bai karɓi cikin Inna ba. Da safen da zan koma ta kasa fitowa, tana ta zagayawa, jikinta ya yi laushi. Na je na kira mai chemist ɗin bakin kasuwa ya duba ta ya ba da magani da gishirin haɗawa, ya ce a haɗa da ruwa mai tsabta. Goggo tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Ta je ta kwance tsumman, ta jira har ruwan hantsi ya zo, ta tari kofi ta kawo wa Inna.

Inna ta kalli kofin ta ce, "Ke hwa?"

Goggo ta kurɓa ta miƙa mata. "To ga shi na sha. Ke dai kin cika taurin kai tun muna da ƙarhinmu."

"Awo," in ji Inna, ta karɓa.

Na ƙara kwana ɗaya har na ga ta ci tuwo, sannan na koma Rabah. Daga ranar surukan suka dawo amfani da famfon, amma na lura ruwan awaki har suka bar gidan daga rijiya suke ɗebo shi. Babu wanda ya hana su, babu kuma wanda ya sake tayar da maganar.

Da wata ya ƙare na tsaya shagon Baba tela na miƙa kuɗi kamar kullum. Ya ƙi karɓa. Ya ce na watan nan an riga an biya, wanda na bari ne ya mayar can. Na ce ba haka na nufa ba. Ya ce shi haka ya nufa, ya taka kekensa ya ci gaba da ɗinki. Na mayar da kuɗin aljihu na saya wa Inna sabulu da sukari da su. Ƙarin da na yi ke nan, ya tashi a biyan wata ɗaya kafin lokacinsa.

Tsarin rufe famfo da la'asar ya yi aiki na ɗan lokaci, daga baya mutane suka fara mantawa, mai albasa ya koma ƙorafinsa. A ƙarshe shi da maƙwabtansa suka haɗa kuɗi suka canza bututun layinsu da mai faɗi, abin ya ɗan yi sauƙi.

Bayan an yanke gero mazan gidan Goggo suka aiko cewa sun samu wuri a wani ƙauye kusa da Goronyo. Aka zo da a-kori-kura aka loda tabarmi da ƙorai da awakin. Ba na nan ranar, ƙanwata ce ta ba ni labari a waya. Ta ce Inna ta raka su har bakin titi, abin da ba ta saba yi ba saboda ciwon gwiwa, ta tsaya har motar ta sha kwana. Da ta dawo ta sa aka share ɗakunan aka bar ƙofofinsu a buɗe su sha iska, ta ce a dafa mata shayi.